Sunayen Mutanen Kan Tudu

Bogotá, 4 ga Agusta

Yaya Nicanora,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da yara da Kawu Baldomero da duk mutanen Walasipa. Ni ma lafiya lau, in ban da murar garin nan da ba ta sakin mutum. Shekara goma sha ɗaya ke nan ban rabu da rigar sanyi ba.

Na san za ki juya takardar nan ki duba bayanta, ki ce wane ne kuma Teófilo. Ni ne ɗan Eulalia, wadda kakarta ta haifi kakarki. Ni ne wanda aka kai makarantar kwana ta 'yan coci ina shekara takwas, kika bi motar da gudu kina jifana da kashin awaki. Ban manta ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ina aiki a ofishin gwamnati da ke tantance tashoshin wutar iska. Kamfani zai iya kafa fankokinsa, amma gwamnati ba za ta sa shi cikin waɗanda take sayen wutarsu da tsayayyen farashi har shekara goma sha biyar ba sai mun duba takardunsa mun buga hatimi. Shi ya sa in babu hatiminmu, ko ƙarfe ɗaya ba za su dasa ba, don ba riba. Ƙofar bana kuma za ta rufe ƙarshen Oktoba.

Makon jiya aka ajiye mini fayil a tebur, na buɗe sai ga sunan Walasipa. Fankoki arba'in da biyu ne. Hanyar da manyan motoci za su bi da fikafikan ta ratsa tudun da ke arewa da tafki, a taswirar kamfani kuma an rubuta wa wurin "kufai". Ni dai a tunanina maƙabartarmu a nan take. Amma na tuna ina yaro na ji ana cewa an kwashe ƙasusuwa bayan babbar ambaliya, an mai da su wani wuri. Wanne ne gaskiya?

In har yanzu mutanenmu suna can, akwai fom da ake cikewa. Ki rubuto mini sunayen duk waɗanda ke kwance a wurin, Kawu ya dangwala yatsa a ƙasa, ni kuma in tilasta a karkatar da hanyar. Ki ba direban tankar ruwa amsar ya kai shagon Don Arcadio a Uribia, shi zai sa mini a mota. Kada ki yi jinkiri, Yaya.

Ƙanenki,
Teófilo

Walasipa, 23 ga Agusta

Teófilo,

Mun ga takardarka, mun gode da gaisuwa. Kowa lafiya. Kawu gwiwa ce ke damunsa, amma bakinsa bai tsufa ba. Awaki sun rame, tafki ya koma taɓo, tankar ruwa sai ta ga dama take zuwa. Murarka kuwa ban tausaya maka ba. Wanda ya bar rana a gida ya tafi neman hazo ai shi ya so.

Ban juya takardar ba, na gane ka. Shekara goma sha ɗaya ko gaisuwar mutuwa ba ka aiko ba, sai da sunan garinmu ya faɗo maka a tebur. To, ba komai. Kashin awakin ma da na jefe ka, don ka tafi ba ka yi mini sallama ba ne. Ashe hali ne.

Mutanen fanka sun zo mana sau uku. Alijuna ne dukansu, wato bare, ba ɗan ƙabilarmu ko ɗaya sai tafinta, shi ma da ƙyar yake haɗa magana. Sun zauna a rumfar Kawu sun sha kofinmu, aka yanka musu akuya aka soya, suka ci har da suɗe yatsa. Ɗaya ya ce, “Baba, iskar nan da ke wucewa a banza za ta haskaka birane.” Kawu ya ce, “A banza? Ita ke busar mana da nama, ita ke kore mana sauro. Ku da kuka zo jiya har kun san ba ta da aikin yi?” Tafinta ya juya musu ya ce tsoho ya yi murna da zuwansu. Ni ina gefe ina saƙa, na ji duka harsunan biyu, na ci gaba da saƙata.

Ambaliyar da ka tuna an yi ta, an kuma sha aikin kwashe ƙasusuwa a shekarar. Kwana tara ina bakin murhu ina dama kunun masara wa baƙi, har gashin girata ya ƙone.

Na karanta wa Kawu takardarka, amma na tsallake wurare biyu, ka san ko waɗanne ne. Sunaye kuwa, babu ko ɗaya da za a rubuta. Kai ɗan gida ne, ka san abin da ke kan tudun nan, sai ka cike takardarka yadda ya kamata. Mun ji daɗi da Allah ya sa namu ne a kan kujerar.

In kana da hali ka aiko wa Kawu man shafawa na gwiwa, mai zafin nan.

Yayarka,
Nicanora

Bogotá, 9 ga Satumba

Yaya Nicanora,

Ina gaisuwa. Allah ya ba Kawu sauƙi, ga man nan kwalba biyu. Murata ta yi sauƙi duk da ba ki tausaya mini ba.

Hankalina ya kwanta da amsarki. Tunda an kwashe su tun shekarar ambaliya kuma babu sunan da za a rubuta, na sa alama a gurbin "babu maƙabarta", na sa hannu, na tura fayil ɗin sama. Shugabana ya ce da kowa zai yi aiki da sauri haka da ba a bar kamfanoni suna jira ba. Na kuma roƙa a sa musu sharaɗin haƙa muku rijiyar burtsatse, an karɓa. Ki gaya wa Kawu, zai ji daɗi.

In na fahimce ki ba daidai ba ki aiko da sauri, akwai sauran mako bakwai kafin a buga hatimi.

Teófilo

Walasipa, 19 ga Nuwamba

Teófilo,

Muna lafiya. Na rubuta haka ne don haka ake fara takarda.

Wasiƙarka ta Satumba jiya ta iso. Ruwan sama ya yanke hanyar Uribia wata biyu, ta kwana a shagon Don Arcadio tare da kwalaben man, ɓera har ya ci kusurwarta. Motar farko da ta iya ratso taɓon ita ta kawo ta, kuma a cikin motar nan akwai masu awon ƙasa da jajayen turaku. Ina tsaye ina karanta "babu maƙabarta" da rubutun hannunka, ina kallonsu suna kafa turke a gefen kan kakata.

Mutum goma sha tara ne a kan tudun nan, Teófilo. Goma sha tara! Ƙasusuwan da aka kwashe na dangin Uriana ne, maƙwabtanmu, waɗanda tasu maƙabartar take cikin kwari. Mu taya su aiki muka yi. Tun yaushe ruwa ke hawa tudu? Ko wannan ma sai an rubuto maka?

Ka ce in rubuto sunaye. Na ɗauka suɓutar alƙalami ce, na rufa maka asiri, ban karanta wa Kawu ba. Na kuma rufa maka asirin na farkon, inda ka rubuta sunan uwarka ɓaro-ɓaro don ka gabatar da kanka, ita da ta shekara shida da tafiya. Ashe da gaske ka manta. Ba a kiran sunan wanda ya tafi. Ba a faɗa, ba a rubutawa, ko mai suna irin nasa sai an sauya masa kira. Kiran yana ta da su daga hanyarsu, yana kuma buɗe wa masu rai ciwo. Bare ma in ya kuskura ya ambata a gaban dangi, sai an aika masa dattijo mai sanda ya je ya nemi haƙƙi. Yaron da bai iya ɗaure wando ba ya san wannan a Walasipa. Da na ce babu sunan da za a rubuta, cewa na yi ba za mu rubuta ba. Da na ce ka san abin da ke kan tudu, na ɗauka ka sani.

Kawu ya fita da sandarsa ya tsaya a gabansu. Ya ce, “Wa ya ce ku taka nan?” Babbansu ya zaro takarda mai hatimi ya ce, “Gwamnati ta tantance, Baba. Ga ma hannun jami'in, kuma sunan danginku gare shi, Sapuana.” Kawu ya juyo ya dube ni. Ya ce, “Namu?” Na ce namu. Ya koma ya kwanta a lilonsa na raga ya juya wa ƙofa baya. Ko kunu bai sha ba ranar.

Ka san ba mu da wata takardar ƙasa. Tudun nan shi ne takardarmu. Duk wanda ya yi mana gardamar kiwo ko tafki, can ake kai shi a nuna masa iyayenmu mata a kwance. In mota ta bi ta kansu, gobe dangin Uriana ma za su iya cewa Walasipa tasu ce, kuma ba mu da abin nunawa.

Rijiyarka ka riƙe. An yaba maka saurin aiki, na taya ka murna.

Nicanora

Bogotá, 2 ga Disamba

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Kawu in zai karɓa. Lafiyata ba abin tambaya ba ce. Kwana uku ban iya cin abinci ba.

Na ɗauko wasiƙarki ta Agusta na karanta ta fi sau ashirin. Kin ce an kwashe ƙasusuwa, ba ki ce na wa ba. Kin ce babu sunan da za a rubuta. Ko wa aka ba a ofishin nan abin da zai fahimta ke nan. Layi ɗaya da kin ƙara, da ba mu zo nan ba. Ban faɗi haka don in wanke kaina ba. A makarantar 'yan coci duk watan Nuwamba ana ba mu takarda mu rubuta sunayen matattunmu, a karanta su da ƙarfi a gaban bagadi, wai alheri ne gare su. Shekara goma ina yi. Na manta, Yaya, gaskiyarki ne, kuma kunya ta ishe ni.

An buga hatimi tun 28 ga Oktoba. Amma doka ta bar ƙofa ɗaya. Cikin kwana casa'in mutanen wuri suna iya ƙorafi, kuma na shigar da shi da sunan Kawu. Na je na gaya wa shugabana kuskuren nawa ne. Ya ce, “Kai da muka ɗauka don ka san mutanenka?” An cire ni daga fayil ɗin, an mai da ni ɗakin ajiyar takardu a ƙasa.

Wata jami'a za ta zo muku ranar 14 ga Janairu da lauyan kamfani. Na roƙa a karɓi hoto ko a ƙirga duwatsu, an ƙi. Sun ce an sha tara duwatsu a daji a ce kabari ne don a tsayar da aiki, shi ya sa dole wani daga dangi ya rantse ya faɗi sunayen ɗaya bayan ɗaya, a naɗa a na'ura. In ba a faɗa ba, hanya tana nan inda take. Da ni zan zo in faɗa, na riga na ɓata bakina, amma biyu kawai na sani, kuma ba za su karɓi shaidar wanda ya sa hannu a baya ba.

Akwai abin da ban gaya miki ba. Mahaifiyata tana cikin kabarin siminti na haya a Maicao. Kafin ta tafi ta riƙe hannuna ta ce in lokacin tono ƙashi don binnewa ta biyu ya yi, kamar yadda al'adarmu take, in kai ƙasusuwanta Walasipa wajen uwayenta. Shi ya sa na firgita da na ga taswirar tun farko, shi ya sa kuma na yi baƙin ciki a ɓoye da na ɗauka an riga an tashe su. Yanzu da hannuna na sa a bi ta kan wurin da za ta kwanta.

Ki lallashi Kawu. Sau ɗaya ne kawai.

Teófilo

Walasipa, 27 ga Fabrairu

Teófilo,

Gaisuwa. Yara lafiya. Gwiwar Kawu ta yi sauƙi, man ya yi aiki, ko da yake bai san daga wa ya fito ba. Ni ma ina nan.

Na daɗe ban amsa ba don ban san da wace murya zan yi maka magana ba. Ka ce layi ɗaya da na ƙara. Gaskiya ne. Na ji haushinka na gajarta magana, na kuma biya. Ba zan sake gajartawa ba, ka zauna ka karanta duka.

Jami'ar da lauyan sun zo ranar da ka faɗa, da hantsi, mota biyu. Jami'ar yarinya ce mai ladabi, ta shafa farin mai a fuska saboda rana. Dangi duka sun taru a rumfa, har waɗanda ke Maracaibo sun tsallako iyaka. Mako shida ina lallashin Kawu kamar yadda ka ce, mako shida yana ce mini in tafi in duba tukunyata.

Ta ajiye na'urar a kan turmi ta ce, “Baba, fara, muna saurare.” Kawu ya ce, “Ga su can kan tudu. Ku hau ku tambaye su da kanku.” Lauyan kamfani ya yi murmushi ya dubi agogo. Ta ce, “Baba, ni na yarda da kai, amma takarda suna take so.” Ya ce, “To takarda ta zo ta zauna a nan ta sha kofi, in gaya mata ba a yi.” Mutane suka yi dariya, ni ban yi ba, don na ga ta fara naɗe wayar na'urar. Ta ce in haka ne za ta rubuta cewa dangi ba su gabatar da shaida ba.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce ta kunna.

Inna Crisanta, ƙanwar uwata, ta riƙo mini riga ta ce, “Nicanora, kin sha wani abu ne? Zauna!” Na fizge. Na fara daga tsohuwar da ta fara kafa bukka a Walasipa, wadda ni ma sau ɗaya na taɓa jin sunanta, a raɗa, daga bakin kakata tana zazzaɓi. Na bi su a jere yadda suke kwance, daga gabas zuwa yamma. A na uku mata suka ja mayafi suka rufe fuska suka fara kuka irin na ranar mutuwa. A na bakwai, uwar Kawu ce, ya tashi ya fita da sandarsa. Na kira uwata. Na kira yayyena biyu. Bakina ya bushe, ba wanda ya miƙo mini ruwa.

Ta goma sha tara 'yata ce. Ba ka san ta ba, shekararta huɗu, gudawa ta ɗauke ta a shekarar fari. Shekara goma sha biyu sunan nan yana cikin bakina ban bari ya fita ba, ko a mafarki. Na faɗe shi. Jami'ar ta danna na'urar ta saurara, ta ce, “Yi haƙuri, Uwa, iska ta yi ƙara a na ƙarshen. Ki maimaita, a hankali.” Na maimaita. Ta ce da wane harafi yake farawa.

An karkatar da hanyar, taku ɗari biyu zuwa gabas. Hatiminsu bai taɓu ba, za su fara dasa ƙarafa bayan Ista. Sun kewaye tudun da waya, sun sa ƙofa. Sai kuma, don girmamawa in ji su, suka kafa allon ƙarfe a bakin ƙofar da sunayen goma sha tara da manyan baƙaƙe. Direbobinsu in sun tsaya shan ruwa suna karantawa da ƙarfi suna gwada yadda ake furtawa. Inna Crisanta ta rufe allon da buhu sau uku, iska tana yayewa.

Na aika wa Kawu cewa a faɗi abin da zan bayar na wanke laifi, ko sarƙar jan dutsen da uwata ta bar mini ce. Ya aiko Inna Crisanta da amsa. Ya ce bare ake karɓar wankin laifi a hannunsa, don bai sani ba. Wadda ta sani ta kuma yi, babu abin da za a karɓa. Ya ce tudun yana nan, ya gode wa Allah, amma wadda ta ta da su ba za ta kwanta cikinsu ba. Na tambayi Inna ko ita ma haka ta gani. Ta ce, “Da ba ki yi ba da mota ta bi ta kan uwarki. Amma kin yi, 'yar nan.” Ta yi kuka, ta tafi, ba ta sha kofin da na zuba mata ba.

Ina jin haushinka, Teófilo, har yanzu. Ina jin haushin Kawu, da yarinyar mai farin mai, da kaina. Amma uwarka ba ta yi mini komai ba. Ita ta koya mini saƙa. Ka kawo ta a watan Yuni kafin ruwa ya sake yanke hanya. Kawu ya yarda, ya ce laifin ɗa ba ya hana uwa shiga gidansu. Kai dai kada ka buɗe baki a rumfarsa sai an tambaye ka.

Wurin da ke gefen 'yata, wanda na ajiye wa kaina tun ranar da muka rufe ta, ba shi da mai shi yanzu. A nan za a sa uwarka. Ni ba za a bar ni in hau ba, don haka kai nake roƙo. In an zo haƙa, ka ce su bi a hankali ta gefen hagu, tulun ƙasusuwan yarinyar ba shi da zurfi.

Nicanora